Rediyon Baba a Gwangwanin Mai

Lahadi, bayan la'asar

Kusan duk wanda na yi wa maganar aikin nan sai ya yi kuskure iri ɗaya. Ana ɗauka ranar da tasha ta koma dijital, shi ke nan, tsohon rediyo ya zama tarkace, sai a kai shi kasuwar gwanjo. Ko Mudira, shugabar makarantarmu, abin da ta ce mini ke nan. To ba haka ba ne. Akwai dabarar da tasha ɗaya ta AM za ta aika abu biyu a tare. Tsohon sautin da kowane akwati ya sani yana tsakiya, dijital kuma yana raɓe a gefe da gefe, ƙasa-ƙasa. Tsohon rediyo ya ɗauki nasa ya yi gaba. Sabo ya ɗauki duka biyun, ya ba ka sauti tas, na sitiriyo, wato hagu daban dama daban, har da rubutu a allo.

Aikin da nadin kimiyya, wato kulob ɗinmu, zai kai baje kolin makaranta ke nan, ranar da ake gayyatar iyaye. 'Yan mata biyu ne suka riƙe shi da gaske: Shaima Marwan, wadda ba ta yarda da komai sai ta kwance shi ta gani, da Nuha, 'yar Yaya Sa'ud. A aji Abla Nora take ce mini kamar kowa, wato malama, in mun fita ƙofa na koma Ammati, gwaggo ke nan.

Tsohon rediyon na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru yana dafa wa alhazai abinci a Arfa, rediyon nan na rataye a sandar tanti. Har yau in ka shinshina fatarsa za ka ji hayaƙi.

Watsa shiri a iska ba tare da izini ba laifi ne, na sani, 'yan matan ma sun sani, shi ne darasinmu na farko. Saboda haka siginarmu ta cikin wayar kebul take bi, ta shiga wani babban gwangwanin man girki da Baba ya bari, muka yanke gabansa muka sa ragar ƙarfe. Rediyon na zaune a ciki kamar kaza a akurki. Yaya Sa'ud ne ma ya ɗauko mana gwangwanin a motarsa daga gidan Ummi, yana ta mita wai zai ɓata masa kujera.

Yau muka kunna, ya yi magana. Shaima ta yi ihu har mai shara ta leƙo.

Talata, bayan magariba

Muna buƙatar abin da za a saurara. Nuha ta ce muryar Sitti. Haka take kiran kakarta, Ummina.

Muka je Tandabawi, unguwar Ummi, da makirfo. Ummi ta sa mayafinta na fita duk da na ce mata ba hoto ba ne.

"Ba hoto ba ne, amma ai mutane za su ji ni," in ji ta.

Nuha ta ce, "Sitti, yi magana da ƙarfi, shuwayya."

"Da ƙarfi ko shuwayya? Shuwayya ai kaɗan-kaɗan ne. Zaɓi ɗaya. Ke ba Hausa ba, ba Larabci ba, bakinki kamar tashar Kudai ranar saukar alhazai."

"Ke kika koya mini!"

"Ni? Allah ya kiyaye. In ni na koya miki da ba ki ce mini *ina so ruwa sanyi* ba."

Da suka gama, ta ba da labarin wata shekara a Arfa. Ɗanta na fari yana ƙarami, aka aike shi ɗauko ƙanƙara, ya ɓace cikin fararen kaya. Tantuna duk iri ɗaya. Baba ya bar tukunya a wuta ya shiga nema. Ashe yaron na zaune yana kuka, yana kiran ubansa da Hausa, sai wata hajiya 'yar Katsina ta ji shi. Ta ce ina ne tantinku? Ya ce bai sani ba, amma tantin da rediyo yake magana ne. Ta riƙe hannunsa suna bi layi-layi suna kasa kunne, har suka jiyo huɗuba na fita daga sandar Baba.

Na sha jin labarin nan, amma ban taɓa jin sa da kunnen rikoda ba. Ummi ta iya tsayawa inda ya kamata a tsaya.

Alhamis, lokacin hutun tara

Sun yi wani kuskure mai daɗi, ina ta dariya ni kaɗai a ɗakin malamai.

Da suka ji sitiriyo hanya biyu ce, sai suka ce an gama: Hausar Sitti a hagu, fassarar Larabci da muryar Nuha a dama, kowa ya juya kunnen da yake so. A gidajenmu ai haka ake zama, kaka na yi da wani harshe, jika na amsawa da wani. A sabon rediyon, wato kwamfutar da muka haɗa wa 'yar na'urar kama tasha, abin ya yi kyau. Da suka saurari gwangwani sai ga Ummi da Nuha suna magana a lokaci guda, ba ka jin ko ɗaya.

Nuha ta ce, "Abla, rediyon ya lalace."

Na ce, "Lasifika nawa gare shi?"

Sai Shaima ta dafe kai. "Ɗaya. Haɗa hagu da dama yake yi ya zuba mana."

Ban ba su amsa ba, na bar su da allo. Kafin a kaɗa ƙararrawa sun samo. Muryar Sitti ta zauna a tsakiya, kowane rediyo ya same ta cikakkiya. Hagu da dama a ba wa ƙarar wurin: cokali a kofin shayi, tantabarun taga, motar da ta wuce. Larabcin kuma ya tafi a rubuce cikin dijital, ya riƙa fita a allo.

Irin wannan ranar ce take sa na manta da ciwon baya.

Juma'a, bayan la'asar

An ci dambu a gidan Ummi kamar kullum. Nuha ta kasa haƙuri, ta kunna wa kowa rikodin a jawwal ɗinta, wato wayarta. Aka yi ta dariya. Matar Yaya har da hawaye.

Yaya Sa'ud bai yi dariya ba. Ya ce da Larabci, "Wannan a ina za a sa shi?"

Nuha ta ce a baje koli, gaban iyaye.

"Iyayen su waye?"

Ya san su waye. 'Yar shugaban sashensu a ajin Nuha take. Ya tashi wanke hannu bai dawo kan ledar ba.

Lahadi, da hantsi

Na zo na tarar an canja kwaɗon ɗakin nadi.

Lahadi, bayan azahar

Mudira ta kira ni. Ta ba ni gahawa, ta tambayi jikin Ummi, sannan ta ce wani uba ya bugo waya da shakwa, wato ƙara. Ƙarar ita ce ina koya wa 'ya'yan mutane watsa shiri ba izini, a cikin makaranta.

Na ce ban watsa komai ba. Siginar a cikin kebul take, gwangwanin a rufe yake.

Ta ce, "Eh, ya ambaci gwangwanin. Ya ce na man girki ne, tsoho, duk ya yi tsatsa, ba abin da zai tare."

Ban tambaye ta sunansa ba. Gwangwanin nan a lulluɓe muka shigo da shi. Uba ɗaya ne a duk makarantar nan ya taɓa ganin tsatsarsa.

Ba zan rubuta sunansa ba.

Litinin, da safe kafin a shiga aji

Ban watsa komai ba.

Talata, bayan la'asar

Ga yadda abin yake. Mudira ta ba ni zaɓi biyu. Ko na janye aikin a yi shiru, nadi ya ci gaba da zanen taurari a kwali. Ko kuma lajana, kwamitin bincike, ta zo ta auna a safiyar baje kolin. In suka kama ko ɗigon sigina a wajen gwangwanin, an rufe nadi, ba na wannan shekara kaɗai ba. Ɗakin za a mayar da shi ma'ajiyar kujeru.

Sai ta sassauta murya ta kawo na uku, wanda ina jin shi ne na farko tun asali. "Ya Nora, ki cire tsohon rediyon mana. Ki bar kwamfutar, yarinya ta karanta wani abu da Larabci mai kyau. Mai shakwar ya ce in an yi haka ba shi da matsala."

Na ce, "To ashe ba sigina ce ta dame shi ba. Kwamfutar ma ai siginar take kamawa."

Ta kalli taga.

Na ce mata in aka cire tsohon rediyo ba aikin da ya rage. Dukan dabarar ita ce tsoho da sabo su sha daga tasha ɗaya. A cire ɗaya, saura mu kunna waƙa a kwamfuta mu ce mun yi kimiyya. Na ce lajana ta zo. Ta zo da duk na'urar da take da ita.

Mudira ba muguwa ba ce. Tsoron kiran wayar iyaye take ji. Ta yarda a riƙa buɗe mana ɗakin lokacin hutun tara, mai gadin mata na zaune a bakin ƙofa.

Shekaru na yi ina roƙon ɗakin nan. Yara nawa ne suka fara riƙe abin narka dalma a cikinsa? Manar da ke karatun injiniya a Jidda yanzu, a nan ta fara ƙona yatsa. In aka rufe saboda taurin kaina, me zan ce wa 'yan aji ɗaya da ke leƙe ta taga suna jiran shekararsu?

Duk da haka, bari lajana ta zo.

Laraba, lokacin hutun tara

Shaima kaɗai ta zo. Nuha ta tare ni a matakala, idonta ja.

"Ammati, Baba ya ce khalas, ya isa, in bar nadi. Wai in mai da hankali kan jarrabawa."

Na ce ta bi maganar ubanta.

"Ke ma haka za ki ce?"

"A makaranta ni Abla ce, ba zan ce ki saɓa masa ba. Fassarar da kika rubuta kuwa tana cikin kwamfuta, kuma sunanki na kanta. Wannan ba mai goge shi."

Ta ce, "Shi ne ya buga wayar, ko?"

Na ce ta tafi aji, an kaɗa.

Alhamis, bayan azahar

Ni da Shaima da mai gadi, wadda ta fara da harara yanzu kuma ita ke riƙe mana tocila. Mun kankare tsatsar bakin murfin har ƙarfe ya fito fari, muka zagaye shi da tef na jan ƙarfe. A wannan kam mai shakwar ya yi gaskiya, tsatsa ba ta riƙe sigina da kyau. Na gode masa. Ya gyara mana aiki.

Shaima ta zagaya ɗakin da ƙaramin rediyona. Ba komai sai shuuu. Ta manna shi a jikin ragar, nan ma da ƙyar.

Gwangwanin a rufe yake.

Juma'a, bayan sallah

Na je. Me zai hana ni zuwa gidan uwata?

Mun haɗu a ƙofa, yana fitowa da takalmi a hannu. Na gaishe shi yadda aka koya mini. Ya amsa. Har na wuce sai ya ce, "Nora, ke ba ki san yadda ake zama a ofis ba."

Na ce, "Koya mini, Yaya."

"Shekara nawa na yi kafin su daina tambayata daga ina asali? A nan aka haife ni, a nan aka haifi Baba. Yanzu kina so a tara su a zaure, a sa musu uwata tana ba da labarin ina yawo da ƙanƙara a ka ina kuka, da yaren da ba sa ji, daga cikin gwangwanin mai?"

"Da fassara a allo."

"Wannan ya fi muni!"

Na ce, "Ba a ambaci sunanka ba. Ɗana na fari kawai ta ce."

"Nuha Sa'ud Ɗaso a rubuce a kan tebur. Jakuna ne su?"

Na so na ce masa abubuwa da yawa. Abin da ya fito shi ne, "Da ka zo ka faɗa mini haka, ai da mun yi magana. Ba sai an canja kwaɗo ba."

Ya sa takalminsa. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Ummi ta jiyo mu, na sani, don ta zuba mini nama fiye da kullum.

Asabar, da hantsi

Na tambayi Ummi kai tsaye. Muryarta ce, ɗanta ne. In ta ce a cire, zan cire, lajana ko ba lajana.

Ta ce, "Ƙarya na yi a ciki?"

"A'a."

"Na zagi wani?"

"A'a."

"To ɗaukar ƙanƙara a Arfa abin kunya ne? Alhazai suka sha. Ki bar shi. Shi ma ya ji da kunnensa, ya daɗe bai ji rediyon babansa ba."

Sai na kunna mata yadda muryarta ke fita daga rediyon Baba, na ɗauko a jawwal. Ta saurara, ta karkata kai.

"Wa ke suya a bayana?"

Na ce ba kowa.

"Akwai mai suya. Ji, *sssss*. Kamar maƙwabta sun sa kifi a mai. Rediyon babanku ba ya haka."

Kunnen Ummi! Dijital ɗin ne. Duk da yana gefe, ɗan hucinsa na shiga tsohon rediyo. Ni na saba da shi har na daina ji.

Lahadi, lokacin hutun tara

Na kai wa Shaima ƙorafin. Ta ce, "Abla, in muka rage ƙarfin dijital suyar za ta tafi, amma zai zama ba shi da ƙwari. Ƙaramin abu zai yanke shi. In muka ƙara, allon ba zai taɓa tsayawa ba, amma Sitti za ta yi ta suya."

Na ce wannan ita ce ainihin rigimar da injiniyoyin wannan fanni suke yi, ba mu muka fara ba. Ke za ki yanke.

Ta yi ta juya biro. Ta ce, "Iyaye allo za su kalla."

"Haka ne."

"Amma mun ce tsohon rediyo ba zai cutu ba. In ya cutu, ƙarya muka yi."

Ta rage. Suyar ta ɗauke.

Yarinyar nan 'yar shekara goma sha shida ce. A ce a mayar da ɗakinta ma'ajiyar kujeru!

Talata, bayan la'asar

Tun da dijital ya zama marar ƙwari, dole mu shirya wa yankewarsa. Sabon rediyo na gaskiya in dijital ya kuɓuce masa ba ya yin shiru, komawa yake kan tsohon sautin. Matsalar ita ce dijital a makare yake isowa, don sai an nannaɗe shi an kwance. In aka sauya haka kawai, magana za ta yi tsalle. Maganin shi ne a riƙe tsohon sautin kaɗan tun daga tasha, ya jira ɗan'uwansa, su iso tare.

Mun auna da tafi. Mai gadi ta tafa a makirfo, mu kuma muna sauraron hanyoyin biyu. Da farko *tas… tas*. Shaima ta matsa. *Tas-tas*. Ta ƙara matsawa. Mai gadi ta ce, "Ya banat, 'yan mata, hannuna ya yi ja, ni ba a biki nake ba." Aka yi ta yi har ya zama *tas* guda.

Na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofa da rubutun Nuha, gyaran kalma biyu a fassarar. Ta rubuta "tanti" da kuskure a wuri ɗaya, ta kasa barci a kai.

Laraba, da asuba

Gobe. Na yi addu'a, ban roƙi a kunyata kowa ba. Na kusa dai.

Laraba, bayan isha'i

Mudira ta turo saƙo: har yanzu ƙofar janyewa a buɗe take. Na amsa mata da na gode, sai da safe.

Alhamis, bayan magariba

Bari na rubuta tun ban manta ba.

Lajanar mutum uku ce: Mudira, wata mai kula daga masu makarantar, da Muhandis Talal, injiniya, uban wata ɗaliba, wanda aikinsa ke nan. Ya zo da na'urar awo a jaka. Bai yi murmushi ba, ni ma ban yi ba. Shaima ta kunna. Ya zagaya tebur. Ya fita baranda. Ya dawo ya durƙusa ya bi bakin murfin da 'yar sandarsa kamar mai neman kunama. Ya daɗe a kan kusurwa ɗaya.

Ya miƙe ya ce wa Mudira, "Cajar wayarki da ke bango ta fi wannan gwangwanin watsa shiri. Wa ya yi tef ɗin nan?"

Shaima ta ɗaga hannu.

Ya ce, "Mumtaz, aiki ya yi kyau."

Mudira ta sauke numfashi har na ji tausayinta. Nadi ya tsira. Na ɗauka an gama.

Bayan la'asar iyaye suka cika zaure. Na hango Nuha a jikin uwarta, can baya kuma kusa da ƙofa Yaya Sa'ud cikin farin tobe, doguwar rigar nan, shi da wani mai gilashi da nake jin shi ne shugaban nasu. Shaima ta yi bayani. Ta kunna gwangwani shi kaɗai, muryar Ummi ta fito, siririya, irin ta rediyon da. Ta ƙara da manyan lasifikoki, sai ga cokali na ƙara a hagu, tantabaru a dama, Larabci na tafiya a allo. Mutane suka matso. Na ji wata tana cewa, "Subhanallah, kamar tana ɗakin."

Zauren ya yi zafi, wani ya je ya kunna babban mukayyif na bango, na'urar sanyaya ɗaki. Ƙararsa ta biyo wayar wuta ta shiga kwamfuta. Dijital ya yanke.

Tantabarun suka ɓace, cokalin ya koma tsakiya, allon ya tsaya cak a kan "sai wata hajiya ta tambaye shi." Amma muryar Ummi ko harafi ba ta yi tsalle ba. Ta ci gaba a lasifika, ta ci gaba a gwangwani, tana ba da labarinta. Muhandis Talal ya buga cinyarsa ya ce, "Aiwa! Wannan shi ne aikin!" Shaima ta kalle ni, fuskarta kamar an kunna fitila.

Sai dai yawancin zauren ba sa jin Hausa, kuma an yanke musu labari a daidai inda yaro ya ɓace. Wata uwa ta ce, "To me ya ce mata? An same shi?" Mudira ta juya tana neman Nuha. Nuha ta buɗe baki, ta kalli bayan zaure, ta rufe.

Ni zan iya fassarawa. Na ƙi. Na tsaya na harɗe hannu.

Daga can bakin ƙofa aka ce da Larabci, da ƙarfi, kamar mai ba da umarni a ofis: "Ya ce mata, kai ni tantin da rediyo yake magana."

Kowa ya waiga. Ummi ta ci gaba, shi ma ya ci gaba, jimla bayan jimla, idonsa a kan gwangwanin. Suna bi layi-layi. Suna kasa kunne. Da ta zo inda Baba ya rungume yaron da hannu duk mai, sai ya ce, "Aka same shi," ya tsaya nan. Ummi ta faɗi fiye da haka. Na bar masa.

Mai gilashin ya tambaye shi wani abu. Ban ji ba. Na ga dai Yaya ya nuna ƙirjinsa da yatsa, sau ɗaya.

Aka kashe mukayyif, tantabaru suka dawo, aka tafa.

Da ana watsewa ya zo tebur. Na shirya wa komai. Ya leƙa ta ragar ya ce, "Wane irin batir kika sa masa?"

Na faɗa masa.

"Na banza ne. Zai zubar da ruwa ya cinye masa ciki. Baba ba ya sa irin wannan."

Ya kama hannun 'yarsa suka tafi.

Juma'a, bayan la'asar

Bai zo cin dambu ba. Matarsa ta ce yana da aiki. Ummi ta ce a ajiye masa nasa, a rufe.

Ban sani ba ko ya huce. Ban sani ba ko ni na huce. Kwaɗon nan yana raina har yanzu.

Lahadi, lokacin hutun tara

An ba ni sabon makulli. 'Yan aji ɗaya sun cika ƙofa, na ce su shigo biyar-biyar.

Nuha ta shigo a ƙarshe, ta ajiye leda a tebur. Manyan batura ne, masu kyau.

"Baba ya ce a ba Abla. Ya ce kuma in an gama a cire su, kada a bar su a ciki."

"Ke fa? Kawo saƙo kika yi ko zama?"

"Bai ce in zauna ba." Ta ja kujera. "Bai ce kada in zauna ba."

Shaima ta tura mata kwamfutar ta ce akwai sauran kuskure a fassarar, layi na ƙarshe.

Darasin yau na sababbi ne, kuma zan bar shi a nan don duk wadda littafin nan ya faɗa hannunta wata rana. Ba sai kina da gwangwani ba, ba sai kin watsa komai ba. Ki je gidan kakarki ki tambaye ta tsohon rediyo, akwai shi, yana saman kabad ko ƙarƙashin gado. Ki sa masa batir mai kyau. Ki mayar da shi AM, ki murɗa zuwa inda ba tasha, sai shuuu. Sannan ki kawo shi kusa da cajar waya, ko ki danna rimot a jikinsa, ki ji yadda kayan zamani suke surutu a kunnen tsoho. Ki matsar da shi a hankali har surutun ya ɗauke, ki lura da inda ya ɗauke. Daga nan ki murɗa ki nemo tasha, ki miƙa wa mai rediyon, ki tambaye ta a ina yake rataye da. Ki zauna, amsar tana da tsawo.